Wa ya gwada wayarin gidanka?

A garuruwanmu aikin wayarin hanya ɗaya yake ƙarewa. Mai aiki zai danna makunni, ƙwan fitila ya kama, fanka ta juya, ya tsoma testa a soket biyu ko uku 'yar fitilarta ta yi ja, mai gida ya ce madalla, ya cika masa ragowar kuɗinsa. Daga nan sai fenti, sai tarewa. Ba wanda zai tambayi abin da aka binne cikin bango, balle ya nemi takardar da ke cewa wane ya auna kaza ya samu kaza. Bayan shekara biyu ko biyar, idan hayaƙi ya turnuƙe silin da tsakar dare, sai a ce "wutar lantarki ce", a yi jaje, a kwashe toka, a kira wani mai wayarin ya sake jan waya kamar yadda na farko ya ja.

Wannan jimla ta "wutar lantarki ce" ta zame mana bargon rufe tambaya. Ita muke ji bayan gobarar gidaje, ita muke ji bayan gobarar kasuwanni, kuma Kano kaɗai ta ga isassu, ciki har da wadda ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016. Alhali duk gobarar da ta samo asali daga lantarki tana da takamaiman wurin da ta fara: wata mahaɗa da ba a ɗaure tamau ba tana ta ɗaukar zafi, ko wata siririyar waya da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinta, ko fis da ya ƙone aka maye gurbinsa da ƙatuwar waya don kada ya sake damun kowa. Kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan ana iya gano shi da dubawa da awo tun bai yi ɓarna ba.

Gwajin da nake magana a kansa ba shi da wuyar fahimta. Kafin a saki wuta cikin sabon wayarin, ana auna ko wayar atin, wadda aikinta shi ne kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ta ƙasa, ta isa kowane soket ba tare da ta yanke a hanya ba. Ana auna lafiyar robar da ta lulluɓe wayoyi da wata na'ura da masu sana'ar ke kira mega, wadda ke tura bolt 500 cikin waya don ta ga ko akwai inda take yoyo. Ƙa'ida ta ce kada sakamakon ya gaza megaom 1, kuma sabon aiki mai kyau yakan ba da ninkin-ba-ninkin haka. A nan ake kama wayar da ta goge sa'ad da ake jan ta cikin bututu, da wadda ƙusar kafinta ta huda. Ana kuma tabbatar da cewa makunni waya mai wuta yake yankewa, domin idan aka juya aka sa shi a kan ɗayar, fitila za ta mutu idan an kashe, amma wuta na nan kwance a mazaunin ƙwan tana jiran yatsan wanda zai hau kujera ya canza shi. Sannan a auna sandar atin da aka kafa a ƙasa. Mu da muke zaune inda ƙasa ke bushewa ƙayau fiye da rabin shekara, wannan awo ya fi shafar mu, saboda busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta kamar jiƙaƙƙiya, kuma sandar da ta ba da kyakkyawan sakamako a watan Agusta tana iya zama ƙarfen banza a watan Maris.

Duk wannan, a gida mai ɗaki uku ko huɗu, bai wuce aikin yini guda ba. Mai karatu ya lura cewa babu ko ɗaya cikin waɗannan kurakurai da zai hana fitila kamawa. Gidan da ba shi da atin kwata-kwata zai haska tar, firijinsa zai yi ƙanƙara, har ranar da waya za ta taɓa jikin firijin ta ciki, yarinya ta zo da jiƙaƙƙen hannu ɗaukar ruwan sanyi.

Har masu ilimi cikinmu sun sakankance da bireka, suna ganin tunda akwai shi a jikin bango to an gama. Bireka waya yake karewa daga ƙonewa. Wanda aka rubuta wa amfiya 32 ba zai faɗi ba sai abin da ke bi ta cikinsa ya haura amfiya 32, alhali ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda, idan ya ratsa ƙirji, ya isa ya rikita bugun zuciya. Abin da aka ƙera don kare jikin ɗan Adam wata na'ura ce daban da ake kira RCD. Ita kwatanta wutar da ta fita take yi da wadda ta dawo, kuma da zarar ta ga giɓin miliamfiya 30, ta san wuta ta bi wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ta yanke cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa. Kuɗinta bai kai na ƙofar ƙarfe guda ba. Amma sau da yawa mai wayarin ba ya son ta, don ita ba ta rufa asiri: in akwai yoyo a aikinsa za ta yi ta faɗuwa, mai gida ya yi ta kiran sa a waya. Mafi sauƙi a gare shi ya ce na'urar ce ba ta da kyau, ya cire ta, kowa ya huta.

Ƙa'idojin sana'ar kuma ba a tsaye suke ba. Tsarin wayarinmu gado ne daga Ingila, shi ya sa soket ɗinmu mai ido uku irin nasu ne. Littafin ƙa'idojinsu ya fara fitowa a 1882, kuma bugu na 18 ya fito a 2018. A bugu na 17, na 2008, aka faɗaɗa wajabcin sa RCD ga soket-soket na gidaje, bugu na 18 kuma ya haɗa da layukan fitilu. Daga 2016 suka wajabta cewa akwatin rarraba wuta na gida ya zama na abin da ba ya cin wuta, kamar ƙarfe, bayan masu kashe gobara sun yi ta ganin akwatunan roba suna kamawa saboda sakwarkwacewar mahaɗa. Daga 2020 doka ta tilasta wa masu ba da hayar gidaje a Ingila su sa ƙwararre ya gwada wayarin aƙalla duk shekara biyar, su bai wa ɗan haya rahoton. A can ma masu sana'ar suna kokawa da 'yan ci-da-ceto da ke cike takarda ba su buɗe ko soket ɗaya ba. Bambancin shi ne takardar tana ɗauke da suna da sa hannu, kuma ranar da abu ya faru akwai wanda za a nema.

Wani canji da suka yi ya iso kasuwanninmu ba tare da sanarwa ba. Tsakanin 2004 da 2006 Ingila ta sauya launin wayoyi don ta daidaita da sauran Turai. A tsohon tsari ja ce mai wuta, baƙa ce ta dawowa, a layi uku kuma akwai ja da rawaya da shuɗiya, duka masu wuta. A sabon tsari mai ruwan ƙasa da baƙa da mai ruwan toka su ne masu wuta, shuɗiya kuma ta koma ta dawowa. Wato baƙar da aka saba ɗauka ba ta da haɗari yanzu tana iya ɗauke da wuta, shuɗiyar da aka sani da wuta ta sauya aiki. Duka nau'o'in biyu suna nan a shagunanmu, kuma ana samun su cikin gini ɗaya idan an yi ƙari ko gyara. Wanda ya dogara da launi kaɗai bai auna ba, yana iya sakar wa kayan gida bolt 400 maimakon 230.

Yaron da ke koyon wayarin yau wurin ubangidansa yake koya, shi kuma ubangidan ya koya ne lokacin da kayan wutar gida ba su wuce fitilu da fanka da rediyo da dutsen guga ba. Ba na raina wannan hanya ta koyo; ita ta fitar da mutanen da hannunsu ya fi na masu digiri da yawa tsafta. Sai dai ubangida ba zai koyar da abin da bai taɓa gani ba. Gidan yau yana da na'urar sanyaya ɗaki, da hita, da famfon tura ruwa sama, ga janareta, ga sola da inbata da batura jere a lungun falo. Wutar da ke fitowa daga faifan sola da batir ba ta kai-da-komo kamar ta layi, saboda haka idan ta yi tartsatsi ba ta saurin mutuwa da kanta, kuma birekan da aka ƙera don wutar layi bai dace da ita ba. Janaretan da aka haɗa ba tare da makunnin sauya layi na ƙwarai ba yana iya mayar da wuta kan turakun unguwa, inda wani ma'aikaci ya hau yana ganin an ɗauke wuta. Ga kuma jabun waya, wadda aka rubuta wa milimita 2.5 alhali ba ta kai ba, ko alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Alminiyom kusan kashi 60 cikin ɗari kawai yake ɗauka na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa zai ɗauka, don haka wayar za ta yi ta zafi cikin bango, birekan kuma bai ga laifin komai ba.

Ba doka muka rasa ba. A 2015 aka kafa hukumar NEMSA, wadda aikinta ya haɗa da dubawa da gwadawa da ba da takardar shaida ga aikin lantarki, da tantance 'yan kwangilar da ke yin sa, shugabanta ma shi ne babban sufeton lantarki na tarayya. A shekarar ce kuma hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin samar da lantarki da na wayarin, sannan Dokar Lantarki ta 2023 ta zo ta sake tabbatar da NEMSA, ta kuma buɗe wa jihohi ƙofar tsara harkar lantarkinsu. Masu sana'ar da ke da lasisi suna da ƙungiyarsu ta LECAN, ma'aikatar ƙwadago tana yin jarrabawar sana'a, ga NABTEB ga kwalejojin fasaha. To amma mai karatu ya zagaya unguwarsu ya tambayi masu gidaje goma wa ke da takardar gwajin wayarin a cikin takardun gidansa. Hukuma ɗaya ta tarayya ba za ta iya shiga kowane lungu na Kurna ko Rigasa ba, kuma jihohin da ke ɗokin karɓar ikon lantarki hankalinsu ya fi karkata ga kuɗin shiga.

Laifin kuwa ba na mai wayarin ba ne shi kaɗai, kuma a ganina kason mai gida ya fi girma. Mutumin da zai kashe miliyoyi a tayil da fenti da ƙofar waje, shi ne zai tsaya yana ciniki a kan kuɗin sandar atin, ya kira masu aiki uku ya bai wa wanda ya fi araha. Wanda ya sayi na'urorin awo da kuɗinsa, ya sa yinin gwaji cikin lissafi, kullum shi ne mai tsada, kullum shi ake kayarwa. Bayan an kayar da shi sau biyar, sai ya ajiye na'urar a gida ya bi sahun 'yan'uwansa. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, a nan kuwa har rai take ci, musamman a gidajenmu da muka datse kowace taga da ƙarfe saboda ɓarayi, muka bar ƙofa ɗaya tak ta fita.

Akwai wuraren da gyara zai iya farawa ba tare da jiran Abuja ba. Kamfanonin rarraba wuta su ne ƙofar ƙarshe kafin wuta ta shiga gini, kuma da za su dage cewa ba za su ja waya zuwa sabon gini ba sai sun ga takardar gwaji mai ɗauke da alƙaluma da sunan wanda ya auna, da rabin matsalar sababbin gidaje ta kau. Shugabannin kasuwanni, waɗanda ke iya tara kuɗin masu gadi kowane wata, suna iya ɗaukar ƙwararre ya bi layi-layi sau ɗaya a shekara kafin hunturu, a yanke duk wayar da aka rataya a kan rumfa kamar igiyar shanya. Haka ma makarantun kwana da asibitoci masu zaman kansu, inda mutane ke barci da yawa a ɗaki ɗaya. Gwamnatin jihar da ke raba wa matasa kayan sana'a za ta fi amfanar su idan ta tara iyayen gidansu, su da ke koyarwa, ta ba su horon mako biyu a kan gwaji, ta ajiye wa ƙungiyarsu na'urorin awo da za su riƙa karɓa aro.

Shi kuma mai gini, kafin ya miƙa kuɗin ƙarshe, ya ce a auna a gabansa, a rubuta masa sakamakon kowane layi, da kaurin wayar da aka sa, da girman birekan da ke kanta, mai aikin ya sa hannu da kwanan wata. Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushin wannan ba, ƙila ma ya ƙara masa da zanen inda wayoyi suka bi don kada a buga ƙusa a kansu. Wanda gidansa ya daɗe da ginuwa ya buɗe murfin akwatin birekoki ya duba ko akwai wata na'ura mai ɗan maɓalli da aka rubuta wa harafin T. In akwai, ya danna: ya kamata wuta ta ɗauke nan take, kuma ana so a riƙa yin haka duk wata shida. In ya danna ba ta ɗauke ba, ko kuma babu na'urar sam, ya nemi mai wayarin da ke da kayan awo tun kafin sanyi ya shigo a fara jona hita.