FILIN DIREBA DA MAKANIKI: A Yanke Riga, A Bar Ƙashi

A makon jiya ne muka sami wasiƙa daga wani ɗan'uwa mai fataucin goro a Shagamu, wanda ya gaji tsohuwar Land Rover daga mahaifinsa, Allah ya jiƙansa. Ya ce motar ta daɗe a kafe a bayan gida har kaji sun mai da ita akurki, amma bodinta garau yake, ƙarƙashinta ne tsatsa ta cinye. Wani makaniki ya ba shi shawara a ɗaga bodin a ɗora shi a kan shasin Range Rover bayan an rage tsawonsa, a sa babban inji da manyan tayoyi, domin ta riƙa shiga ƙauyukan da yake saro goro da damina. Tambayarsa biyu ce. Shin aikin yana yiwuwa? In kuwa ya yiwu, zai iya ɗaukar iyalinsa a ciki hankalinsa kwance?

To Malam, amsar ta farko mai sauƙi ce. Aikin yana yiwuwa, kuma ba makanikinka ne ya ƙago shi ba. Hasali ma dai da irin wannan haɗi aka haifi ita kanta Land Rover. A shekarar 1947 wani injiniya na kamfanin Rover a Ingila, mai suna Maurice Wilks, yana amfani da wata Jeep ta sojan Amurka a gonarsa da ke tsibirin Anglesey. Da ya yi niyyar ƙera wadda za ta maye gurbinta, sai aka ɗauko shasin Jeep aka ɗora masa inji da bodi na Rover, aka yi ta gwaji. A watan Afrilu na 1948 aka nuna motar ga duniya a birnin Amsterdam. Da yake a lokacin ƙarfe ya yi wuya saboda yaƙin da aka gama, sai aka yi bodin da alminiyam. Wannan shi ne dalilin da ya sa ta mahaifinka ta ci daga ƙasa alhali samanta bai yi kome ba, domin alminiyam ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, shasin kuwa baƙin ƙarfe ne. Mu ma nan ƙasar mun san ƙarkonta, tun zamanin da take motar En'e da malaman gona da na asibiti, balle mutanen tsaunin Mambila waɗanda suka daɗe suna dogara da ita.

Abin da ya jawo hankalin makanikan Ingila ga wannan haɗi shi ne fitowar Range Rover a 1970. Tsohuwar Land Rover tana tafiya ne a kan sifirin mai falle-falle irin na lori, birkinta na ganga ne, injinta na fetur mai lita biyu da kwata. Duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya a cikinta ya san yadda take jijjiga ƙugu. Ita kuwa Range Rover ta zo da sifirin mai naɗi, da birki mai faifai a ƙafa huɗu, da inji mai silinda takwas wanda ƙarfinsa ya kusa ninka na waccan, kuma ƙafafunta huɗu suna ja a kowane lokaci. Da waɗannan motoci suka tsufa suka yi araha, sai masu sha'awar shiga taɓo da hawan dutse suka fara sayensu, suna jefar da bodin, suna ɗora na tsohuwar a kai. Daga baya suka sami shasin Discovery, wadda ta fito a 1989, mai tsawo ɗaya da na Range Rover.

Amsar tambaya ta biyu ita ce mai nauyi, kuma tana cikin awo. Tsakanin ƙafar gaba da ta baya a Range Rover inci 100 ne. Tsohuwar Land Rover kuwa, daga 1958 zuwa 1985, iri biyu aka fi yi: gajera mai inci 88, da doguwa mai inci 109. Ke nan in taka gajera ce, sai an cire inci 12 daga tsakiyar shasin kafin tayoyin su zauna daidai da ramukansu. In doguwa ce, bodin ne ya fi shasin da inci 9, sai a rage akwatin baya a bar tsakiyar shasin yadda kamfani ya yi shi. Ba ka gaya mana wadda kake da ita ba, amma shawararmu ɗaya ce: duk inda ake da zaɓi, a yanke riga a bar ƙashi. In aka yi kuskure a bodi, abin da za a samu shi ne ƙofa ta ƙi rufuwa ko ruwan sama ya riƙa ɗiga. In kuwa aka yi kuskure a shasi, ranar da waldar za ta buɗe ba a gareji za ta buɗe ba, sai an yi lodi ana gangara.

Hukumar rajistar motoci ta Ingila ta yi shekaru tana aiki da wani tsari na maki domin tantance ko motar da aka sāke ta ita ce dai ta asali. A tsarin nan shasi yana da maki 5, inji kuwa maki 1 tak. Mu a nan mun saba tambayar lafiyar inji da kyan fenti in za mu sayi mota, ba safai mutum yake durƙusawa ya leƙa ƙarƙashi ba. Su kuwa a wurinsu shasi shi ne motar.

In yankan ya zama dole, to ga abin da za ka tsaya a kai da idonka. A ɗaure shasin a kan shimfiɗaɗɗen wuri kafin a sa masa zarto, a auna shi kusurwa zuwa kusurwa, a sāke aunawa bayan walda. Kada a yi yankan a miƙe daga sama zuwa ƙasa. A yi shi a karkace ko hawa-hawa, domin nauyi ya bazu a kan doguwar walda, sa'an nan a ƙarfafa wurin da faranti. Farfelar da ke kai ƙarfi ga ƙafar baya ita ma sai an rage ta, kuma sai an daidaita ta a na'ura, in ba haka ba za ta riƙa kakkarwa har ta kashe giya. Bututun birki a sa sabo daga farko har ƙarshe, kada a yarda da ƙari ko toshi.

Akwai wasu wurare uku da ake yawan mantawa. Na farko, allon da ke tsakanin inji da direba, wanda sitiyari da fedar birki suke jikinsa, na baƙin ƙarfe ne ko a tsohuwar motar, kuma yana ruɓewa daga ƙasa. A ƙwanƙwasa shi da guduma a ji. Na biyu, duk inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe ga kuma danshi, alminiyam ɗin yakan zama farin gari, saboda haka a raba su da roba ko fenti mai kauri. Na uku, aksil ɗin Range Rover ya fi na tsohuwar faɗi, tayoyi za su leƙo waje, sai an yi musu rumfa don kada su riƙa watsa tsakuwa.

Batun manyan tayoyi da ɗaga mota sama kuwa, a yi shi da hankali. Iyakar yadda taya ta ƙara girma, iyakar yadda birki yake shan wuya wajen tsai da ita, agogon gudu kuma ya riƙa nuna ƙasa da abin da ake yi. Iyakar yadda mota ta tashi sama, iyakar sauƙin kifewarta a kwana, musamman in an ɗora huhun goro a kan rufi. Rufin alminiyam kuwa ba zai tare kome ba in ta wuntsila. Don haka a yi mata keji na bututun ƙarfe mai kauri wanda ƙafafunsa suka sauka a kan shasi, a kuma sa wa kowace kujera bel da aka ɗaure a wuri mai ƙarfi. Game da inji, mai silinda takwas ɗin nan mashayin fetur ne. Ga mai fatauci, na gas ɗin da Discovery ta fito da shi, watau 200Tdi, ko 300Tdi na 1994, ya fi dacewa.

Kada kuma a manta da takardu. Lambar da ke jikin sabon shasin ta bambanta da wadda ke takardun mahaifinka. A je ofishin lasin a gyara, a sanar da masu inshora, tun kafin a haɗu da 'yan sanda a hanya.

Daga ƙarshe, Malam, akwai wata hanya da makanikinka bai ambata ba, watau a nemo lafiyayyen shasi irin nata na asali, a mayar da ita yadda take. Ba za ta yi gudu ba, ƙugunka kuma zai ci gaba da ƙorafi, amma ai haka ta kai mahaifinka ta komo da shi shekara da shekaru, kuma da tsohuwar zuma ake magani. In kuwa ka zaɓi haɗin, to kasa kuɗinka uku: kashi biyu a ƙarƙashin mota, kashi ɗaya a samanta. Fenti shi ne na ƙarshe. Kafin uwargida da yara su shiga, kai da makanikin ku yi mata lodi, ku gwada birkinta a fili inda ba kowa. In ya ƙi shiga tare da kai, ka sami amsar tambayarka.

Allah ya kiyaye hanya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.