ZARE: Yaron da ke kwance a kan mota, wa ke leƙa shi?

1/ Jama'a ku ba ni aron hankalinku, zaren nan yana da ɗan tsawo. Daga Kuyello nake rubutu, gabashin Birnin Gwari. Na san abin da ke faɗo muku a rai in an ambaci yankinmu: daji da bindiga. Yau maganar zafi zan yi, da wani yaro da ya kusa rasa ransa taku ashirin daga rumfata ina zaune ina latsa waya.

2/ Sana'ata cajin waya. Rumfata tana bakin filin da manyan motoci ke kwana in sun zo lodin masara da dawa da waken soya. Tsofaffi na ce wa irin wurin zango. Tun da hanya ta koma sai da rana, wanda lodinsa bai kammala da wuri ba kwana ya kama shi. Wani kwana ɗaya, wani uku yana jiran kuɗi ko abokan tafiya.

3/ To ka ga wurin ya zama ƙaramin gari ke nan. Direba da yaransa, 'yan dako, mai shayi, mai tuwo, bakanike, mai faci. Mota ita ce ɗaki, ita ce sito, ƙarƙashinta ne zaure. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba za su kwana tsakaninsu bai fi kamu biyar ba.

4/ Wata rana a Afrilu, da hantsi, wani yaron mota ya kawo min waya. Ba zai wuce shekara 16 ba. Ya ce, "Yaya, bayan azahar zan karɓa." Na sa mata lamba na jona. Ogansa ya shiga gari lissafi da masu kaya, ya bar masa umarni ɗaya: kada ya kuskura ya bar motar, kuma ya rufe gilas saboda ɓarayi.

5/ Azahar ta yi, ta wuce. Waya ta cika na cire na ajiye. Wallahi ko sau ɗaya ban ce a raina ina yaron nan ba. Sai dab da la'asar Baba mai shayi ya leƙo rumfata ya ce, "Ɗana, yaron jar daf ɗin can ya zo wajenka? Ban gan shi a alwala ba, bai zo shan ruwa ba." Na ce a'a, Baba. Ya ce, "Tashi mu je."

6/ Muka buga ƙofa, shiru. Muka sake bugawa. Da ƙyar ya laluba ya zare makulli. Iskar da ta fito daga kan motar nan kamar an buɗe tanda. Yana ta surutai marasa kan gado, yana kiran sunan wata da muke zaton babarsa ce, bai gane mu ba. Na taɓa wuyansa na janye hannu.

7/ Nan take mutane suka taru, kowa da fatawarsa. Wani ya ce ƙwaya ya sha, ku rabu da shi ta sake shi. Wani ya ce iska ce, a kira malam. Wani ya tafi neman farasitamol. Ni kaina ƙwayar na zarga, ba zan yi muku ƙarya ba. Mun saba ɗora wa yaran mota wannan kafin mu tambayi komai.

8/ Allah Ya sa akwai wani dattijon direba a wurin, mutumin Nijar, wanda ya yi shekaru yana bin hanyar Agadas zuwa Arlit. Ya ratso mutane ya ce, "Rana ce ta buge shi. Ku kai shi inuwa, ku cire masa riga, ku kawo ruwa duk wanda kuka samu." Muka juye masa duron Baba mai shayi da jakar fiya wata biyu daga rumfata, wasu na yi masa fifita da kwali.

9/ Wani ya zo zai ɗura masa ruwa a baki, dattijon ya riƙe hannunsa. Ya ce wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa, shaƙewa zai yi. A jiƙa jiki, a yi fifita, a sake jiƙawa, musamman wuya da hammata da matsematsi. Da ya fara gane mutane aka ɗora shi a babur, mutum ɗaya na riƙe da shi ta baya, sai asibiti. Ya rayu.

10/ Ga abin da na koya daga baya, ku riƙe. In zafin jiki ya haura digiri 40 har mutum ya fara ruɗewa, ƙwaƙwalwa ce ke dahuwa, kuma mintoci ake ƙirgawa. Farasitamol ba ya maganin wannan, don ba zazzaɓin cuta ba ne. Sanyaya jiki ne magani, tun kafin a kama hanyar asibiti.

11/ Mota a rufe cikin rana kuwa, cikin minti 10 zafin cikinta kan ƙaru da kusan digiri 10, ya yi ta hawa. Ɗan sassauta gilas da yatsa biyu ba ya hana komai. Lissafa da kanka: ranar da waje ke digiri 40, nawa kan daf zai kai da ƙarfe biyu?

12/ Da ogan ya dawo, abin da ya fara tambaya shi ne wa ya buɗe masa mota. Raina ya ɓaci ƙwarai a lokacin. Daga baya na ɗan fahimce shi: an taɓa kwance masa batir, an taɓa zuƙe masa gas, kuma shi mai mota zai tuhuma. Amma fahimta daban, yarda daban. Ka ce wa yaro kada ya sauka daga kan mota tsakar ranar Afrilu, ka yanke masa hukuncin da kai ba za ka iya ɗauka na awa ɗaya ba.

13/ Sai dai ba ogan ne ya fi damuna ba. Ni ne. Wayar yaron na hannuna, na san lokacin da ya ce zai zo, na ga ya wuce. Mutum nawa suka gifta ta gaban motar nan a awa huɗu? Cikinmu duka tsoho ɗaya ne ya ƙirga fuskoki ya ga babu ɗaya.

14/ Kuma na san dalili. Shekarun nan sun koya mana kame baki. Wanda ya rayu a nan ya tuna 2021, lokacin da aka katse layukan waya, aka hana cin kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Tun kafin nan ma mun koyi cewa yawan tambaya na iya sa a kira ka infoma, yawan amsa na iya sa a tare ka a hanya. Sai kowa ya koma ba ruwana.

15/ Ban ce tsoron nan wauta ba ne. Mutane sun mutu saboda an san ranar tafiyarsu da abin da suka ɗauko. Direban da ya ƙi faɗa maka inda ya nufa yana da gaskiya. Amma mun haɗa tambaya biyu mun binne a rami ɗaya. "Ina za ka, me ka ɗauko, yaushe za ka tashi?" wannan a bar ta. "Kana lafiya? Ka sha ruwa?" wannan ba ta taɓa sa an sace kowa ba.

16/ Kakata ta ce a zamaninsu ba a tambayar baƙo sunansa sai ya sha ruwa. Randa a ƙofar gida, moɗa a kai, ba mai tsaronta. Yanzu ruwa ya shiga leda ya samu farashi. Ni ma ina sayarwa, kada ku ce na ware kaina. Yaron mota da aka bar wa kuɗin abinci sau biyu, da me zai sayi ledar ruwa goma da jikinsa ke nema a ranar bazara?

17/ Dattijon nan na Nijar ya ce min a hamada doka biyu ce ba a wasa da ita: ba a hana ruwa, kuma ba a tashi sai an ƙirga kawuna. Masu shekaru za su tuna Oktoban 2013, da aka tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace. Ƙishirwa ce kawai. Mu ba hamada muke ba, shi ya sa muke raina abin.

18/ Ɗan ratse. Kwanaki na ga bidiyon Amurkawa masu zama cikin motoci masu ɗaki da kicin da banɗaki. A jihar Arizona akwai wani ƙaramin gari cikin hamada, Kwatsayit, da dubbansu ke sauka lokacin sanyi, zafi na shigowa yawancinsu su gudu. Na yi dariya na ce ashe su ma suna da zango.

19/ Abin da ya ja hankalina shi ne irin wuraren nasu suna da ƙa'ida a rubuce: lokacin kashe janareto, inda ake zubar da ƙazanta, iyakar filin kowa. Duk da haka a 2023 zafi ya kashe mutum 645 a gundumar Marikofa kaɗai, inda birnin Finiks yake, wasu a cikin irin waɗannan motocin aka tarar da su. Wasunsu ma masu na'urar sanyaya ɗaki ne fa. In ta lalace kuma ba mai ƙwanƙwasa maka ƙofa, shi ke nan.

20/ Kusa da mu ma, farkon Afrilun 2024, cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5. Zafin da kakanninmu suka sani ba shi ne wannan ba, kuma su ba su kwana cikin akwatin ƙarfe da gilas ba.

21/ To me nake so? Ba takarda daga Kaduna ba. Shugabannin direbobi da dattawan fili su zauna su faɗi ƙa'ida da baki, a riƙa maimaita wa duk wanda ya shigo. Ta farko a wajena: daga hantsi zuwa la'asar ba mai kwana a kan mota a rufe. In tsaro ake so, yara su zauna a inuwa ɗaya inda suke hango motocin duka. Ido goma ya fi kulle ɗaya.

22/ Inuwar ma a daina cinye ta. Ka zo da tirela ka kafe ta gindin darbejiya ɗaya tilo da ke filin, ƙarfe na shan inuwa mutane na gasuwa, haba. Bishiya ta mutane ce. Mota a ja mata tamfol.

23/ Ƙarƙashin mota kuwa, ba zan ce a daina kwanciya ba don na san ba za a daina ba, nan ne ya fi sanyi. Amma tsofaffin direbobi suna da al'adar da samari ke yarwa: kafin ka tada inji ka zagaya motar da ƙafarka, ka duƙa ka leƙa, ka buga taya. Wanda ke ƙasan ba lallai yaronka ne ba. Yana iya zama ɗan dako, yana iya zama almajiri.

24/ Sai janareto da jarkar fetur. Na sha ganin mai shayi na hura wuta nan, ga wani na juye mai can, tsakaninsu taku biyar. Fetur a zafi tururi yake yi, tururin ne ke kama wuta tun kafin ka ga komai. Bayan Majiya a Jigawa, Oktoban 2024, bai kamata a ce sai an roƙi kowa a kan wannan ba. Janareton kuma a nisanta shi daga masu barci, hayaƙinsa na kisa ba ƙara, kuma a kashe shi in dare ya yi, mutum na da tuƙin safe.

25/ Ku samari masu tuƙi da lodi, lemon ƙarin ƙarfi da ƙwaya ba sa maye gurbin ruwa. Duba fitsarinka, in ya yi ja-ja kamar shayi jikinka ya bushe. Ledar fiya wata biyu lita ɗaya ce: zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ka samu ruwan gishiri da sukari. A ba wanda ya galabaita amma yana cikin hankalinsa, ya riƙa kurɓa.

26/ In kuma zazzaɓi ne da ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya, wannan wata magana ce. Lokacin sanƙarau ke nan, kuma cunkoson kwana na taimaka masa. Ba a jira gari ya waye.

27/ Wani zai ce wa zai biya kuɗin ruwan? Ana karɓar kuɗin fili a kan kowace mota, ana karɓar na lodi. Duro biyu a rana daga ciki ba zai karya kowa ba. Kafin su yanke shawara, ni da Baba mai shayi mun sa randa tsakanin rumfunanmu, ni da safe shi da rana. An sace moɗa sau biyu. Ta uku na ɗaure ta da wayar caja da ta lalace.

28/ Na kuma canza yadda nake karɓar waya. Yanzu ban da lamba ina rubuta launin motar mutum da lokacin da ya ce zai dawo. Ba na tambayar suna, ba na tambayar gari. In lokaci ya wuce da awa ɗaya, ƙanena ya je ya buga ƙofa. Sau da yawa zagi yake sha don ya tashi mai barci.

29/ Yaron ya sake zuwa bayan mako uku, da wani ogan daban. Ya miƙo waya ya ce, "Yaya, bayan azahar." Na ce a ina za ka zauna? Ya nuna bencin Baba mai shayi.