Yaƙin Sararin Samaniya Ba Shi da Ƙara

Kwanan baya na ba ɗalibaina aikin ƙaga labari da Hausa, sai wani yaro mai kaifin alƙalami ya kawo mini yaƙin kumbuna a sararin samaniya. Kumbo ya yi ruri, ya karkata kamar shirwa, ya saki jan haske, abokin gaba ya fashe da ƙarar da ta toshe kunnuwa. Hausarsa ba ta da makusa. Amma da na faɗa a ɗakin malamai cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai iya faruwa, sai wani abokin aikina ya ce: "Haba Malam, ai tatsuniya ce, ƙyale yaro." To, da shi nake, da duk masu irin ra'ayinsa.

Tatsuniya tana da ladabi. Takan yi sallama da "ga ta nan, ga ta nanku", in ta ƙare ta ce "ƙurunƙus", kowa ya tashi da sanin cewa ƙaryar Gizo aka sha. Fim ɗin yaƙin taurari kuwa rigar ilimi yake sawa: ga injuna, ga allunan kwamfuta, ga lambobi suna gudu. Yaro ba ya jin wata sallama, sai ya haɗiye abin a matsayin kimiyya.

Ƙara dai sai da abin da za ta bi, ko iska, ko ruwa, ko ƙarfe. Can sama babu iska, saboda haka ko kumbo dubu suka fashe, na gefe ba zai ji ko tari ba. Stanley Kubrick ya kiyaye wannan tun 1968 a fim ɗinsa 2001: A Space Odyssey, shirun bai kuwa rage wa fim ɗin kwarjini ba. Karkatar nan irin ta shirwa ma, ai iska shirwa take jingina da ita. George Lucas, da zai shirya Star Wars na 1977, hotunan dagar jiragen sama ta Yaƙin Duniya na Biyu ya kwaikwaya. Ashe tsohon yaƙi ne aka shafa wa taurari. Jan hasken kuma, wanda ya taɓa haska tocila da dare a cikin hazo ya san ƙura ce ke bayyana hanyar haske. Inda babu ƙura, harbin leza ba ya ganuwa daga gefe.

Abin da ya fi damuna shi ne motsi, don a nan ne fim ke rushe abin da malamin kimiyya ya gina. Tun 1687 Newton ya bayyana cewa abin da ke tafe ba ya tsayawa, ba ya sake hanya, sai wani ƙarfi ya taɓa shi. Kumbon da ya kashe injinsa ba zai tsaya ba kamar motar da mai ya ƙare wa a hanyar Dakwaro; in yana son tsayawa, dole ya hura wuta ta inda ya dosa. A falakin duniya lamarin ya fi haka ban mamaki. A 1965 James McDivitt, matuƙin Gemini 4, ya yi ta hura wuta wajen ɓangaren rokar da ta kai shi sama don ya kusance shi, sai ya ga tazara tana ƙaruwa, har ya haƙura. Dalili kuwa, wanda ya hura wuta don ƙara gudu falakinsa hawa yake, wanda ya hau kuma kewayensa na ƙara jinkiri. Mai son cim ma na gabansa sai ya fara da rage gudu ya sauko! Wace tatsuniya ce ta kai wannan daɗi?

Kada a ce na tsani ƙage. Ina karantar da Jules Verne, wanda a 1865 ya harba mutanensa zuwa wata daga bakin igwa. Ya yi kure, don babu ɗan Adam da zai tsira daga irin wannan harbi, amma ya zauna ya yi lissafin gudun da ake bukata. Kuren mai lissafi daban, ƙaryar malalaci daban.

Yaƙin sama na gaskiya ma an riga an gwada makamansa, kuma ba shi da jarumi. A Janairun 2007 ƙasar Sin ta harbe tsohon tauraronta Fengyun-1C, ya tarwatse gutsattsari fiye da 3,000 da ake iya bin sawunsu, da yawansu suna kewaya duniya har yau. Amurka ta yi nata a 2008, Indiya a 2019, Rasha a Nuwamban 2021, har ƴan sama jannati da ke tashar ƙasa da ƙasa suka fake cikin kumbunansu na komowa. Tashar nan tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa. Ƙarfe mai nauyin kilo ɗaya, in ya zo da gudun kilomita 10 a daƙiƙa, ƙarfin bugunsa ya fi na nakiyar TNT kilo 10. Tun 1978 Donald Kessler ya yi gargaɗin cewa tarkace na iya haifar tarkace, karo bayan karo, har falaki ya gagari amfani. A fim, kumbon da aka harba ɓacewa yake, a yi tafi. A zahiri ba ya zuwa ko'ina, yana nan yana jiran na kowa, har da taurarin da ke ɗauko hotunan ciyawa da gonaki, irin waɗanda cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke dubawa don ta gane inda damina ta yi gardama.

Na mayar wa yaron takardarsa da maki mai kyau saboda Hausarsa, na ce ya sake rubuta labarin: kumbo biyu da ba sa ganin juna, babu ƙara, makamin kuma ƙusa ɗaya.