Ƙaiƙayin Bayan Wanka a Kududdufi



Likitocin bakin teku a Amurka, musamman jihar Florida, suna da wani ciwo da suke fama da shi duk lokacin zafi. Mutum ya yi iyo a teku, ya fito lafiya lau, kafin dare ƙuraje sun feso masa daidai inda rigar wanka ta rufe. 'Ya'yan wasu ƙananan halittun teku ne ke maƙalewa tsakanin tufa da fata suna harbi. A yi susa mako ɗaya ko biyu, ya wuce.

Mu a garin Sara teku ya yi mana nisa, amma ruwanmu ma bai bar mu haka ba. Da damina ta kankama, ramukan da aka haƙi ƙasar gini suka cika, fadamun Gwaram da Birnin Kudu suka ɗauki ruwa, ka leƙa da azahar ka ga yara. An jibge riguna a kan dutse, wannan ya yi tsalle, wancan ya yi nutso. Da yamma yaro ya dawo yana susar ƙwauri, jajayen ƙuraje ƙanana sun fito masa iyakar inda ruwa ya taɓa. Uwa ta duba ta ce ƙurajen zafi ne, ta shafa masa man kaɗanya, a wuce wurin.

To, sau da yawa ba zafi ba ne. Akwai wata tsutsa da ido ba ya gani, tana girma a cikin ƙaramin dodon koɗin da ke manne da ciyawar ruwa. Idan rana ta ɗaga sai ta fito tana yawo, ta huda fatar wanda ta samu cikin 'yan mintoci. Iri biyu ce. Ɗaya ta tsuntsayen ruwa ce, irin su agwagwa. Ita jikin mutum ba gidanta ba ne, tana shiga take mutuwa a cikin fata, sai ƙaiƙayi mai tsanani na 'yan kwanaki. Wani masani, William Cort, shi ya gano haka a wani tafkin Michigan a 1928.

Ɗayar ita ce abin tsoro, kuma ƙaiƙayinta ya fi sauƙi, wani ma ba ya jin komai. Ita takan wuce cikin jini ta girma, ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai. Bayan wata biyu zuwa uku yaro ya fara ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. Tsargiya ke nan, wadda Theodor Bilharz, likita Bajamushe, ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 sama da mutum miliyan 250 ne ke buƙatar maganinta, kuma Nijeriya na sahun gaba.

Har yanzu akwai masu cewa jan fitsari alamar balaga ce ga ɗa namiji. Wallahi ba haka ba ne. Rauni ne a mafitsara. Yana rage wa yaro jini, ya hana shi girma yadda ya kamata, ya riƙa gyangyaɗi a aji. Idan an bar shi shekaru yakan taɓa ƙoda, har ya kai ga kansar mafitsara. 'Yan mata masu wanki da wanke-wanke a bakin rafi su ma tsargiya tana kama su, tana lahanta mahaifa, sai dai kunya ta hana su faɗa. Manoman shinkafa da masu su kuwa kullum ƙafarsu na cikin ruwa.

Na san wani uban zai ce bulala ce magani. Malam, ka hana yaro kududdufi a ranar da zafi ke dukan kai, ka juya baya, ya koma. Abin da ke hannunmu shi ne a daina fitsari da bahaya a cikin ruwa, domin ta nan ƙwan ke komawa wurin dodon koɗi. Ruwan rafi da aka ɗebo don wanka, a dafa shi, ko a ajiye shi kwana biyu, tsutsar za ta mutu. Goge jiki da tawul da an fito yana rage ƙaiƙayi, amma ba ya hana tsargiya. Unguwar da aka gyara mata famfon burtsatse kuwa, mata sun huta da zuwa rafi.

Maganin tsargiya sunansa praziquantel. Idan ma'aikatan lafiya sun zo makarantar boko ko ta allo suna auna tsayin yara da sanda suna raba shi kyauta, kada a ɓoye yara, kuma a ba su abinci kafin su sha, don yana sa jiri a cikin da babu komai. Wanda ya riga ya ga jini, a kai shi asibitin da ke kusa ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu a gwada fitsarinsa. A kuma gaya wa likita ruwan da yake shiga, domin abokan wankansa ma suna buƙatar gwaji.