Wa Ya Hana Gidajen Yauri Lamba?

Duk lokacin da aka tayar da zancen gidan waya a majalisarmu ta Yelwa, sai wani ya zaro wayarsa ya ɗaga sama ya ce, "Ga gidan wayata nan." A yi dariya a wuce. Ni kam abin ba ya ba ni dariya, domin mai faɗin haka shi za ka gani gobe da asuba a tasha, yana lallashin direban Sakkwato ya kai wa ɗansa takardar shaidar haihuwa ta asali. WhatsApp hoton takarda yake kaiwa. Ita kanta takardar, da magani, da katin banki, da kayan da aka saya ta intanet, sai hannu ya miƙa wa hannu.

Masu cewa zamanin wasiƙa ya wuce suna da hujjarsu. A Denmark, kamfanin PostNord ya daina raba wasiƙu a ƙarshen 2025, bayan yawansu ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari tun daga shekarar 2000. To amma bai daina kai kaya ba, kuma can kowane gida yana da lamba, kowane layi yana da suna. Su sun ci sun ƙoshi suka ture akushi. Mu kuwa muna shirin yin jana'izar abin da ba mu taɓa samu ba. Tun kafin a raba P&T zuwa NIPOST da NITEL a 1985, abin da yawancinmu muka sani shi ne akwatin makaranta ko na ofis, a rubuta sunanka a ƙara da "ta hannun hedimasta". Mutum nawa ne a Shanga masinja ya taɓa yi wa sallama a ƙofar gida?

Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma babu gurbin da ke kunyata ni a fom kamar na adireshi. Na tanadi wurin lambar gida da sunan layi, sai a cike mini da "bayan masallacin Juma'a, a tambayi gidan mai ƙosai". Mai rubutun gaskiya ya faɗa, iya abin da yake da shi ke nan. Amma ranar da mai ƙosai ta tashi, adireshin unguwa guda ya tashi tare da ita.

Haka muka mayar da tasha gidan waya. Direbobi da 'yan kamasho da masu kwale-kwale suna taimako, Allah ya saka musu. Sai dai in saƙo ya ɓata babu rasit, babu wanda za a tuhuma, sai a ce ka yi haƙuri. Banki kuma, in kana son babban asusu, zai nemi shaidar inda kake zaune, galibi takardar kuɗin wuta. Masuncin da ke tunga a Ngaski, wanda aka tayar da iyayensa daga tsibiri domin madatsar Kainji da aka kammala a 1968, ina zai samo takardar wutar da ba a kai masa ba?

Mun saba ɗora komai a kan Abuja. Aikin gidan waya na gwamnatin tarayya ne, haka ne. Amma Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora sanya wa tituna suna da sanya wa gidaje lamba a wuyan ƙaramar hukuma. A watan Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Saboda haka ƙofar ciyaman da ta kansila ya kamata mu fara bugawa.

Abokan sana'ata za su ce taswirar waya ta wadatar. A 2017 NIPOST ta ƙulla yarjejeniya da what3words, mai bai wa kowane ɗan fili sunan kalmomi uku, Ghana ma ta fito da GhanaPostGPS a shekarar. Na'ura tana iya nuna ɗigo a taswira, amma ɗan acaɓan da zai kawo saƙo lamba yake so ya gani a bango, da sunan layin da mutanen unguwa suka yarda da shi.

Kada kuma a ce ba zai yiwu ba. Masu rigakafin shan inna sun yi shekaru suna bin gida-gida, har ƙauyukan bakin ruwa, suna rubuta alama da alli a bango. Mai unguwa ya san kowane magidanci. Abin da alli ya yi, fenti zai yi. In lamba ta samu, sai NIPOST ta ɗauki masu POS da direbobi da masu jirgin ruwa a matsayin wakilai masu rajista, masu ba da rasit.

Idan kansilanku ya dawo neman ƙuri'a, ba zai ɓata hanya ba, har tsakar gida zai shigo. Kafin a shimfiɗa masa tabarma, a tambaye shi lambar gidan da ya shigo.