Sallamar Ladin Cima Da Haƙƙin 'Yan Wasan Kwaikwayo

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2022, Sashen Hausa na BBC ya yi hira da Hajiya Ladin Cima, wadda jama'a suka fi sani da Tambaya, a shirinsa mai suna Daga Bakin Mai Ita. A wannan hira ce dattijuwar ta bayyana, tana hawaye, cewa abin da aka saba miƙa mata idan ta gama aikin fim bai wuce Naira 2,000 zuwa 5,000 ba. Nan da nan maganar ta ta da ƙura. Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi suka fito suka ce su kam sun biya ta fiye da haka a ayyukansu, mawaƙi Naziru Sarkin Waƙa kuma ya goyi bayanta, ya yi wa manyan sana'ar tatas, ya ba ta gudummawar kuɗi. Aka kwana biyu ana cacar baki, sa'an nan ƙura ta lafa, kowa ya kama gabansa.

Wannan jarida ba ta da niyyar tono tsohuwar rigima, ko yanke hukunci a kan wanda ya faɗi gaskiya a cikinsu. Abin lura shi ne, gardamar duka ta tsaya ne a kan ta ce, sun ce. Da a ce al'adar wannan sana'a ita ce a rubuta yarjejeniya kafin a kunna kyamara, da takarda guda ta kashe maganar cikin yini ɗaya. Rashin wannan takarda shi ne ciwon, kuma har yanzu ba a yi masa magani ba.

Ya kamata masu karatu, musamman 'yan makaranta waɗanda suka tashi suka tarar da fim a cikin wayar hannu, su san irin hanyar da mata irin su Ladin Cima suka biyo. Wasan kwaikwayon Hausa na zamani ya faro ne daga makarantu da ƙungiyoyin samari, inda ake yin wasan daɓe a gaban jama'a. A wancan lokaci samun mace da za ta hau dandamali abu ne mai wuya ƙwarai, har ta kai a makarantun maza yaro ne yake ɗaura zane da ɗankwali ya fito a matsayin uwar gida. Da aka buɗe gidan talabijin na Kaduna a 1962, aka kafa NTA a 1977, gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi kuma ta kafa CTV a Kano a 1982, sai bukatar mata 'yan wasa ta ƙaru, domin kyamara ba ta ɓoye gemu. 'Yan ƙalilan ɗin matan da suka amsa wannan kira sun sha surutu daga dangi da makwabta, an kira su da sunayen da ba su dace a buga a jarida ba. Amma da su aka yi wasannin da suka tara iyali a gaban akwati bayan sallar isha'i, a zamanin su Samanja Mazan Fama da Karambana da Karkuzu, kuma da bakinsu hukuma ta isar da saƙonninta na rigakafi da tsabta da sa yara makaranta. Daga wannan zamani Ladin Cima ta fito, a can ta samo sunan Tambaya, wanda ya bi ta har ya kusa danne sunanta na yanka.

Da kaset ɗin bidiyo ya shigo, ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, kasuwa ta buɗe a Ƙofar Wambai, har aka raɗa wa sana'ar suna Kannywood wajen ƙarshen shekarun 1990. Samari da 'yan mata suka karɓe rawa da waƙa da hotunan bangon kaset. To amma labarin Bahaushe ba ya tafiya sai da uwa, ko kaka, ko suruka, ko tsohuwar da za a kai wa ƙara. Waɗannan gurabe tsofaffin 'yan wasan talabijin ne suka cike su, su Ladin Cima da marigayiya Hajiya Amina Garba, wadda ta rasu a 2010, da marigayiya Hajiya Zainab Booth, wadda ta rasu a 2021, da takwarorinsu. Su ne suka koya wa yaran yadda ake tsayuwa a gaban kyamara, da yadda ake furta magana ta fito kamar a tsakar gida. Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Hausa ya san cewa sau da yawa fitowar tsohuwar ta minti biyar ita ce take riƙe labarin, bayan an manta da rawar da aka yi a gindin bishiya.

Abin da ake ba irin waɗannan mata kuwa, sunansa a bakin masu sana'ar shi ne sallama. Kalmar da kanta ta isa shaida. Sallama ita ce abin da mai gida yake ba baƙo ko maroƙi gwargwadon ganin damarsa, ba a ciniki a kanta, wanda aka ba kuma ba ya ƙirgawa a gaban mai bayarwa. Ma'aikacin gwamnati da ke karanta wannan shafi zai iya yin lissafin da kansa. A 2022 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan Naira 30,000 ne a wata. Mai karɓar Naira 5,000 sai ta fito a fim shida kowane wata kafin ta kamo masinjan ofis, mai karɓar Naira 2,000 kuwa sai ta yi goma sha biyar. Shi masinja yana da hutun shekara, yana da fansho komai ƙanƙantarsa da jinkirinsa. Ita kuwa ranar da ƙafa ta ƙi, ko murya ta dushe, ranar abinci ya yanke. A 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashin zuwa Naira 70,000, amma babu wata doka ko yarjejeniya da ta ɗaga sallama.

Lalle ne a saurari uzurin masu shirya fim, domin ba duka ne ƙarya ba. Suna cewa ana biyan ɗan wasa ne bisa yawan fitowarsa, wanda ya yi fitowa biyu ba zai karɓi abin da jarumar fim ta karɓa ba. Suna cewa kasuwar faifai ta mutu a hannun masu satar fasaha, furodusa da yawa sun karye. Mutumin Zurgu ko Kibiya da ya je cin kasuwa a Rano shaida ne a kan haka, don kuwa ba faifai yake saye ba yanzu, wayarsa yake miƙa wa yaron shagon caji a tura masa finafinai da 'yan canjin da suka rage a aljihunsa, kuma ko kwabo daga ciki ba ya komawa ga wanda ya zuba jari, balle ga tsohuwar da ta yi kukan da ya sa matarsa hawaye a gida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk da haka, uzurin bai rufe ƙofa ba. Tun da aka buɗe tashar Arewa24 a 2014, aka koma yin wasanni masu dogon zango, aka kuma riƙa ɗora su a YouTube, fim ya zama kadara mai kawo kuɗi duk lokacin da aka sake kallonsa. Idan mai fim yana ci gaba da karɓa shekara da shekaru, da wace hujja za a ce haƙƙin wadda fuskarta ke ciki ya ƙare tun ranar da aka ba ta kuɗin mota?

Wasu ƙasashe sun riga sun sha wannan gwagwarmaya. A Amurka, a 1960, ƙungiyar 'yan wasan fim ta shiga yajin aiki ƙarƙashin shugabanta na lokacin, Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. Ba su koma aiki ba sai da kamfanoni suka yarda su riƙa biyan 'yan wasa wani kaso duk lokacin da aka sayar wa talabijin sababbin finafinai, suka kuma zuba kuɗin da aka kafa asusun fansho da na magani da shi. Ba tausayi ne ya kawo wannan ba, haɗin kai ne da rubutu.

Nijeriya ma ba ta rasa doka ba. A 2017 ta amince da yarjejeniyar Beijing ta 2012, wadda ta tanadi haƙƙin masu wasa a cikin fim da talabijin, a 2023 kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka. Sai dai yarjejeniyar ta bar wa kowace ƙasa damar ɗaukar cewa mai wasa ya miƙa haƙƙinsa ga mai shirya fim da zarar ya yarda a ɗauke shi, in dai babu wata takarda da ta ce ba haka ba. Watau dai maganar ta sake komowa kan takarda. Tsohuwar da aka kira ta a waya da sassafe, aka ce ta zo wurin ɗaukar fim da kayan sawa kala biyu, ba ta da bakin da za ta nemi a rubuta mata komai, don ta san gobe wata za a kira.

Saboda haka nauyin yana kan waɗanda suke da ƙarfin tilastawa. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, babu fim ɗin da doka ta yarda ya fita a jihar sai ya bi ta hannunta. Hukumar da take iya binciken tsawon mayafi da kalmomin waƙa, ba zai gagare ta ba ta nemi a haɗa mata da takardar biyan kowane ɗan wasa, da sa hannunsa, kafin ta ba da shaidar tacewa. Ƙungiyar MOPPAN da ƙungiyar 'yan wasa su zauna su yanke mafi ƙarancin abin da za a biya a kan kowace fitowa, su buga shi kowa ya gani, su kuma shigar da membobinsu cikin tsarin ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2019, da tsarin taimakekeniyar lafiya na Jihar Kano. A watan Janairu na 2024 an naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos. Shi ya san wannan magana ciki da waje, tun da har da shi aka yi ta, kuma babu wanda ya fi shi cancantar ya kira taron da za a tsara takardar yarjejeniya guda wadda kowa zai yi aiki da ita.

Gudummawar masu hali abin godiya ce, Allah ya saka musu. An ga yadda ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya wa Malam Abdullahi Shu'aibu Karkuzu gida a 2023, bayan da dattijon ya fito ya koka da halin da yake ciki, kafin rasuwarsa a 2025. Amma abin kunya ne a ce sai mutum ya tsufa ya zubar da hawaye a gaban duniya sa'an nan a tuna da shi, kuma masu kunyar da ba za su iya fitowa su yi kuka ba sun fi yawa.

Bashi na farko kuwa yana kan gidajen talabijin na gwamnati, domin su ne suka fara cin moriyar waɗannan mata. Gidan ARTV, wanda shi ne tsohon CTV, da tashoshin NTA na Kano da Kaduna, ya kamata su buɗe ɗakunan ajiyarsu su ga abin da ya saura na tsofaffin kaset kafin ƙura da zafi su ƙarasa shi, su juye shi a na'urorin zamani, su rubuta sunan kowace mace da kowane namiji da ya fito a ciki. Duk lokacin da aka sake nuna ɗaya daga cikin wasannin nan aka karɓi kuɗin talla, a ware kason 'yan wasan, a kai wa mai rai har gida, wanda ya rasu kuma a miƙa wa magadansa.