Madubin da Ke Naɗe Kansa Bai San Hunturu Ba

A birnin Winifeg na ƙasar Kanada, inda sanyin watan Janairu kan wuce digiri 20 ƙasa da sifili, madubin gefen mota yana cikin abubuwan da ke fara gazawa. Gilashin lafiyarsa lau. Matsalar tana gaɓar da madubin ke juyawa a kanta.

Da rana dusar ƙanƙara takan narke a jikin mota, ko mai ita ya kai ta wanki, ruwa ya silale cikin 'yar tsagar da ke tsakanin madubi da gindinsa. Dare na yi sai ya daskare. Ruwa kuwa idan ya zama ƙanƙara yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, saboda haka sai ya cika tsagar ya cije gaɓar gam. A tsohuwar mota wannan ba wani abin damuwa ba ne, domin madubin yana nan a buɗe inda aka bar shi. A sabuwa, wadda ke naɗe madubanta da zarar an kulle ƙofa, direba zai wayi gari da madubi a manne da jikin mota, ɗan injin lantarkin da ke ciki yana ta gurnani, yana tura haƙoran roba a kan abin da ba zai motsa ba. Haƙoran ne ke karyewa. Na'urar ɗumama madubi ba ta da ceto a nan, gilashi kawai take ɗumamawa, ruwan zafi kuma yana iya tsaga gilashin kafin shi ma ya daskare.

Kamfanin Tesla ya shawarci direbobi su kashe naɗewar idan ana sa ran ƙanƙara. Shawara ce mai kyau, amma ta ɗora wa mutum aikin da ya kamata mota ta yi da kanta. Motar zamani ta san yanayin waje. A yawancin motocin Peugeot da Renault ma na'urar auna sanyin a jikin madubin take. Umarni guda a kwamfutar mota, cewa kada a naɗe madubi idan sanyi ya kai sifili, zai wadatar.

Mai sayen mota 'yar Kwatano da ta yi rayuwa a Kanada zai kyauta wa aljihunsa idan ya danna maɓallin naɗe madubi sau biyu ko uku, ya kasa kunne, kafin ya biya.